Ruwan Leda da na Gora a Ƙasar Gozaki: Ina Lambar NAFDAC Ta Tsaya?

A Gozaki da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kafur, har zuwa Funtua da Malumfashi, ruwan leda ya zama abin tarbar baƙo. Shi ake rabawa a wurin ɗaurin aure, shi ake ajiyewa gaban masu gaisuwar mutuwa, mai gona kuma in ya ɗauki 'yan ƙodago yakan ɗaure jaka biyu a bayan babur ya kai musu bakin aiki. In baƙon babba ne, sai a nemo masa na gora. Kafin shekarun 1990 ba haka ake ba. Randa ce da moɗa a zaure, a kasuwa kuma yara ke yawo da ruwan sanyi a bokiti, daga baya aka koma ƙulla shi da hannu a farar leda. Injin liƙe leda ya zo ya ture wannan duka, jama'a kuwa suka karɓe shi hannu bibbiyu, domin sun gaji da gudawa da taifot.

Ba a yi kuskure ba da aka karɓe shi. Ruwan da aka tace aka liƙe da inji, a mafi yawan lokaci, ya fi na buɗaɗɗiyar rijiya da na rafi da na jarkar ɗan garuwa tsabta. Sai dai amanar da aka ba shi ta wuce abin da ya ɗauka. Mutane da yawa sun ɗauka da zarar an ga lambar hukuma a jikin leda magana ta ƙare. Alhali lambar nan shaida ce kawai cewa wata rana jami'ai sun je wata masana'anta, sun duba, sun gamsu. Ba ta ce komai game da ruwan da ke hannunka yau ba. Tsakanin waccan rana da wannan kurɓa akwai ƙasar da aka haƙo ruwan, da injin da ya tace shi, da motar da ta ɗauko shi, da hannun da ya miƙo shi, kuma kowannensu na iya ɓata shi.

Abin da doka ta tanada

Hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, NAFDAC, an kafa ta ne da dokar soja mai lamba 15 ta shekarar 1993, kuma ruwan sha na sayarwa yana cikin abubuwan da aka ɗora mata. Amma sai a zamanin marigayiya Dora Akunyili, wadda ta shugabanci hukumar daga 2001 zuwa 2008, aka matsa wa masu ruwan leda lamba sosai, aka rufe masu yi a bayan ɗaki, aka tilasta rajista. Ita kuma hukumar SON ita ke tsara ma'aunin inganci. A 2007 aka fitar da ma'aunin ruwan sha na ƙasa, NIS 554, aka sabunta shi a 2015, kuma yawancin iyakokinsa sun yi daidai da na Hukumar Lafiya ta Duniya.

Ma'aunin ba shi da wuyar fahimta. Kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a cikin mililita 100 na ruwa, domin ganinta alama ce ta cewa bayan gida, na mutum ko na dabba, ya sami hanyar shiga. Dalma kada ta wuce miligiram 0.01 a lita, haka ma asenik. Naitiret iyakarsa miligiram 50, fuloraid kuma 1.5. Akwai kuma iyaka ga gurɓacewar launi da tsami da yawan ƙarfe.

Kafin a ba mai masana'anta lamba, ana duba wurin da ya kafa ta, ko yana nesa da juji da shadda da kwata. Ana duba ɗakunan aiki, da matatai, da tankuna, da takardar gwajin lafiyar ma'aikata, sannan a ɗebi ruwan a kai ɗakin gwaji. Dole kuma kowace leda ko gora ta ɗauki sunan mai yi, da cikakken adireshi, da lambar rajista, da lambar rukunin da aka buga, da ranar yi da ranar daina amfani. Ruwan leda wata biyu aka ƙayyade masa. A rubuce dai dokar ba ta da laifi. Inda gizo ke saƙar shi ne, ƙarfinta ya taru a bakin ƙofa, wato ranar rajista da ranar sabuntawa. Ofishin NAFDAC na jiha yana birnin Katsina, babban ɗakin gwajin da ya fi kusa yana Kaduna, jihar kuwa ƙananan hukumomi 34 gare ta. Jami'an da ke bin ruwa su ne ke bin magunguna da burodi da man shafawa. Ba sai an faɗa ba, ƙauyen da ke bayan Kafur ba kullum zai gan su ba.

Ƙasar da ake haƙo ruwan

Kusan duk masana'antar ruwan leda a wannan yanki da rijiyar burtsatse take aiki. Kudancin Katsina kuwa a kan tsohon dutse yake zaune. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba wani tafki ne mai zurfi ba, yana maƙale ne a cikin marmarar da ke saman dutsen da kuma tsagogin da ke jikinsa. Wannan ya sa abin da aka zuba a sama ba ya daɗewa bai isa ƙasa ba, musamman da damina, lokacin da ruwan ƙasa ke tasowa har ya kusa haɗuwa da gindin masai. Shawarar da masana suka saba bayarwa ita ce a bar tazarar aƙalla mita 30 tsakanin rijiya da shadda. A cikin unguwannin Funtua masu cunkoso, inda fili ya yi tsada, wannan tazara takan gagara. Rijiyar da ta ci gwaji da rani tana iya faɗuwa a watan Agusta, ba tare da mai ita ya taɓa komai ba.

Bayan haɗarin shadda, na biyu shi ne abin da noma ke kawowa. Gozaki tsohon gari ne da ya yi suna da auduga da hatsi tun kafin zuwan Turawa, yau kuma yankin na cikin manyan wuraren noman masara a Arewa. Masara ba ta yi sai da taki. Buhunan yuriya da NPK da ake zubawa kowace damina ba duka shuka ke sha ba, saura ruwan sama ke narkarwa ya gangara da shi ƙasa a matsayin naitiret. Kashin shanu da masai ma suna ƙara shi. Naitiret ba shi da launi, ba shi da wari, babba zai sha bai ji komai ba. Jariri ɗan ƙasa da wata shida da ake dama wa madara da irin wannan ruwa shi ne ke cikin haɗari, domin sinadarin na hana jininsa ɗaukar iska yadda ya kamata, har leɓɓansa da fatarsa su yi shuɗi-shuɗi. Tafasa ruwa ba ta cire shi, sai ma ta ƙara masa kauri, tunda ruwa ne ke tashi a tururi, gishirin ya zauna. Ga kuma maganin feshi, musamman na kashe ciyawa irin su atrazin, wanda ya yi ƙaurin suna a duniya wajen sauka cikin ruwan ƙasa a yankunan noman masara.

Na uku, dutsen da kansa yana iya zama mai guba, kuma Hausawa sun ga wannan da idonsu. A Tibirin Gobir, kusa da Maraɗi, an haɗa famfon gari da wata rijiyar burtsatse mai zurfi a tsakiyar shekarun 1980. Ruwa garau, kowa na murna. Sannu a hankali haƙoran yara suka fara rinewa, ƙafafu suka bauɗe, ƙasusuwa suka lanƙwashe. An shafe kusan shekara goma sha biyar ana shan ruwan kafin a tabbatar cewa fuloraid ɗin da ke cikinsa ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku. Ɗaruruwan yara suka nakasa har abada. A Zamfara kuma, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a 2010, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Dareta da Bagega da 'Yargalma. A can ƙurar dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ce ta fi yin ɓarnar, ba ruwa ba, amma darasin ɗaya ne ga duk inda ake haƙar ma'adinai ko wanke su kusa da mashaya. An ce ruwa ba ya tsami banza. Matsalar ita ce waɗannan gubobi ko tsamin ba sa sa shi, harshe da ido ba sa gane su, sai ɗakin gwaji.

Cikin masana'anta

Masana'antar da ta amsa sunanta tana bi da ruwa ta matakai. Da farko matatar yashi ta kama laka. Sai ta gawayi ta ɗauke wari da ɗanɗano da wani ɓangare na magungunan feshi. Sai ƙananan matatai masu ƙanƙanan ƙofofi su tare abin da ya rage. Daga nan ruwan ya bi ta gaban fitilar UV, wadda haskenta ke kashe ƙwayoyin cuta, wasu kuma su ƙara da iskar ozon. Wanda ya fi ƙarfin jari yakan sa injin da masu sana'ar ke kira RO, mai matsa ruwa ta cikin wata siririyar fata da gishiri ba ya iya ƙetarewa.

Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne, a cikin waɗannan duka RO ne ke iya rage naitiret da fuloraid da asenik yadda ya kamata. Yashi da gawayi da fitila ba sa taɓa naitiret. RO kuwa yana cin wuta, yana zubar da ruwa mai yawa, fatarsa kuma tana da tsada. A wurin da wutar lantarki ba ta tsayawa, dizal kuma ya yi tashin gwauron zabo, sai ka tarar an kafa injin ranar da jami'ai za su zo, daga baya a karkatar da bututu a kewaye shi. Fitilar UV ma tana da nata sirrin. Bayan kamar shekara guda tana aiki ƙarfinta na kashe ƙwayoyi yakan ragu, amma ta ci gaba da haske, ma'aikaci ya ga tana ci ya ɗauka lafiya lau. Matatar gawayin da aka daɗe ba a canja ba kuwa takan koma gidan ƙwayoyin da aka sa ta don a guje musu.

Bai kamata a ɗauki masu wannan sana'a a matsayin mugaye ba. Yawancinsu mutanen gari ne masu ƙaramin jari, waɗanda iyalinsu ma ruwan suke sha, kuma sun samar wa matasa da yawa abin yi. Amma kuɗin leda da na dizal da na gyaran mota sun hau, ledar ruwan da aka san ta naira biyar ta ninka sau da yawa, mai saye kuma arha yake bi. Idan riba ta matse, abin da ba a gani shi ake fara yankewa: gwajin wata-wata, canjin matata, sabuwar fitila. Wanda ya tsaya kan ƙa'ida sai ya ga maƙwabcinsa da bai tsaya ba ya kwashe masa kasuwa. A gefe guda kuma ga masu buga lambar ƙarya, ko su ari ta wani, ko su ci gaba da aiki da wadda wa'adinta ya ƙare.

Daga bakin masana'anta zuwa bakin mai sha

Ko da ruwa ya fito lafiya, tafiyarsa ba ta ƙare ba. Ruwan famfo na gwamnati ana bar masa ɗan kulorin da ke ci gaba da tsaron sa a cikin bututu. Na leda ba shi da wannan. In 'yan ƙwayoyi kaɗan suka tsira daga tacewa, zafi da tsawon ajiya su suke nema su hayayyafa. Ga shi kuwa a buɗaɗɗiyar mota ake yawo da shi, a jibge shi ƙofar shago a ƙasa, ranar watan Afrilu ta dafa shi tun hantsi har la'asar. Ledoji da yawa ba su da ranar yi ko kaɗan, saboda haka ba wanda ya san ko wata biyun ya wuce.

Sannan bayan ledar ba a tace shi ba. Ta kwanta a ƙasan mota, ta bi ta hannun ɗan dako, ta yi iyo a bokitin ƙanƙarar da ba a san da wane ruwa aka yi ta ba, mai talla ya tsamo ta da hannun da yake karɓar kuɗi, mai sha kuma ya sa haƙori ya fasa. A lokacin annoba wannan ba ƙaramin abu ba ne. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ya kashe fiye da 3,500. Katsina na cikin jihohin da abin ya fi shafa, Funtua kuma na cikin garuruwan da suka ji jiki. Ba ruwan leda ne ya kawo annobar ba, amma a irin wannan lokaci hannu da ƙanƙara da bokiti kowanne hanya ce.

Akwai kuma maganar robar kanta, wadda ta cika kafafen sada zumunta, gaskiya da ƙari a gauraye. Ƙananan gorunan ruwa ana yin su da robar PET, wadda zafi da daɗewa kan sa ta saki ɗan sinadarin antimoni, ko da yake a ajiya ta ƙa'ida bai cika kaiwa iyakar haɗari ba. Sinadarin BPA da ake yawan ambata ba a cikin su yake ba, ya fi alaƙa da manyan tuluna masu tauri na injin sanyaya ruwa a ofisoshi, kuma Tarayyar Turai ta zartar da hana shi a mazuban abinci a ƙarshen 2024. Game da ɓurɓushin roba, wani bincike na 2018 a kan gora 259 daga ƙasashe tara ya same shi a kashi 93 cikin ɗari. Wani kuma na jami'ar Kolombiya ta Amurka a 2024 ya ƙiyasta kimanin ƙwaya 240,000 a lita guda, mafi yawansu ƙanana ainun. Abin lura ne, kuma dalili ne na kauce wa ruwan da ya sha rana. Amma a sa komai a muhallinsa: abin da ke kwantar da yaro a asibitin Malumfashi cikin kwana biyu ƙwayar cuta ce daga bayan gida, ba ɓurɓushin roba ba.

Tsada ba kariya ba ce

Wanda ya ɗauka gora mai tsada ta fi ƙarfin wannan matsala, ya dubi tarihin manyan kamfanonin duniya. A 1990 kamfanin Perrier na Faransa ya janye gora kusan miliyan 160 daga kasuwannin duniya bayan an sami benzin a ciki. A 2004 Coca-Cola ya janye ruwansa na Dasani daga Ingila, kimanin gora 500,000, saboda buromet, sinadarin nan da NAFDAC ta hana masu gidan burodi amfani da shi. Abin mamaki, wajen tacewar ne aka haifar da shi, domin iskar ozon in ta haɗu da wani gishiri da ke cikin ruwa, buromet take bayarwa. A 2024 kuma Nestlé ya amsa cewa ya yi ta tace ruwan da yake sayarwa da sunan na idon ruwa ta hanyoyin da dokar Faransa ta hana. Bambancinmu da su ba a hali yake ba. A can akwai wanda ke ɗibar ruwa daga kanti ya gwada, kuma in an sami matsala lambar rukuni na ba da damar a bi sawun kowace gora a dawo da ita. A nan, ledar da ba ta da lambar rukuni ba ta janyuwa.

Gorar ma ba ta mutuwa da shan farko. Yara na tsinto ta a tasha da wurin biki, a sayar wa masu zoɓo da kunun aya da fura, wani lokaci bayan ta riƙe fetur ko maganin feshi. Wannan kasuwa ba ta da rajista, ba ta da mai dubawa. Mafi muni shi ne jarkar maganin ciyawa da ake ɗaurayewa a zuba ruwan sha a tafi gona. Roba na shan guba, sabulu ba ya fitar da ita duka.

Abin da za a iya yi

Mai saye yana da nasa rabo. Ya nemi ledar da ke da suna da adireshin da za a iya zuwa, da lamba, da ranar yi. Ya ɗaga ta ya duba haske, in da gansakuka ko ɓurɓushi, ko rubutun na goguwa a hannu, ya bar ta. Ya ɗauraye bayanta kafin ya kai baki. Ya ƙi wanda aka shanya a rana. Ruwan madarar jariri a tafasa shi ko na leda ne, a kuma tuna tafasawar ƙwayoyi take kashewa, ba ta cire gubar ƙasa. Mai shago kuma ya yi rumfa, ya ɗora kayan a kan katako.

Amma nauyin da ya fi girma ba na mai naira hamsin a hannu ba ne. Kowace ƙaramar hukuma tana da ma'aikatan duba-gari, waɗanda dattawa ke tuna yadda ake shakkarsu a da, lokacin da suke leƙa randa da kwata gida-gida. Su ne a kusa da masana'antun, su ya kamata a ba babur da ƙananan kayan gwaji, su riƙa ɗibar ruwa daga kasuwa ba daga tankin mai shi ba, sau biyu aƙalla, da rani da tsakiyar damina. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta tarayya da ke Dutsin-Ma, da ta Umaru Musa 'Yar'adua suna da ɗakunan gwaji da ɗaliban da ke neman abin bincike. In aka haɗa su da NAFDAC, aka riƙa karanta sakamakon a rediyo da sunan kowace masana'anta, wanda ya kashe kuɗi a kan tsabta zai fara cin ribar tsabtarsa. Ƙungiyar masu sana'ar, ATWAP, ita ma ta fi kowa sanin wanda ke aiki da lambar aro, kuma mutuncin 'ya'yanta ne ke zubewa in ta rufe shi. A yankin noma irin wannan, gwajin naitiret da maganin feshi ya kamata ya zama sharaɗi kafin a bar wani ya sayar da ruwan rijiyarsa.

Daga ƙarshe, ruwan leda cike giɓi ne. Ya bunƙasa ne saboda famfo ya ƙafe. Funtua na da madatsun ruwa na Mairuwa da Gwaigwaye, Malumfashi na da tata, amma unguwanni da yawa da ƙauyuka irin Gozaki da rijiya da tuƙa-tuƙa da 'yan garuwa suka dogara. Magidanci mai 'ya'ya takwas ba zai iya shayar da gidansa da leda ba, balle girki da wanke kwanuka, saboda haka ko an tsarkake kowace leda a jihar, yawancin ruwan da ke shiga cikin yara daga wani wuri zai fito. Sa ido a kan masu sayarwa wajibi ne, kuma aiki ne da za a iya farawa bana. Amma bai ɗauke wa gwamnatin jiha da ƙananan hukumomi nauyin da ke kansu ba, na kai tsabtataccen ruwan da aka gwada zuwa kowace unguwa, a farashin da talaka zai iya biya.